Abu shida nake son gyarawa, da wanne zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina zaune a Tudun Wadar Zariya, ina tsaron shagon kayan waya na yayana a unguwar PZ. Akwai abubuwa shida da nake son in saba da su: karatun Alƙur'ani kullum, motsa jiki, tara kuɗi, karanta littattafai, koyon kwamfuta, da rage danna waya da dare, don sai ƙarfe biyu nake barci, asuba ma sau da yawa sai rana ta fito nake yi. Duk bayan azumi sai in ɗauki niyya in fara su gaba ɗaya, amma ba na wuce mako biyu. Har na fara ganin kamar ni ne ba ni da zuciya. Don Allah da wanne ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya cika maka burinka na alheri. Tambaya biyu ka yi a haɗe. Ta fili ita ce wanne za ka sa a gaba cikin shidan nan. Ta ɓoye kuwa, wadda na ga ta fi ci maka rai, ita ce ko akwai wani aibi a tare da kai da ke kayar da kai duk shekara. Zan fara da ta biyun, domin muddin kana zargin kanka haka, duk shawarar da na ba ka da rabin zuciya za ka karɓe ta.

Na daɗe ina zama da ɗalibai da matasa a garin nan ina sauraron irin wannan damuwa, kuma rago ba ya zuwa da jerin abubuwa shida. Wanda ke zuwa da irin jerinka mutum ne mai kishin kansa, wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyan kowa, sannan da ya sauke sai ya ce wuyansa ne ba shi da ƙwari.

Abin da ke kayar da kai

Duk sabon aiki, kafin ya zama jiki, sai ka tuna da shi, ka yanke shawarar yin sa, ka yi kokawa da kasala, sannan ka yi. In sababbin ayyukan shida ne, sau shida ke nan a wuni kana wannan kokawa, ga shago, ga masu saye da ƙorafinsu, ga hidimar gida. A makon farko zafin niyya yana ɗauke da kai. Ranar da ka tashi da ciwon kai, ko aka yi rasuwa a unguwa, ko cinikin ranar ya ɓata maka rai, sai biyu su faɗi. Washegari kunyar biyun sai ta ja sauran.

Lokacin da kake farawa ma yana da hannu a ciki. A watan azumi gari ne gaba ɗaya yake riƙe da kai. Gida ana tashi sahur, masallaci cike yake da asuba, lasifika na tafsiri ko'ina, abokanka kowa da Alƙur'aninsa a hannu. Kai kuma sai ka ɗauka ƙarfin daga cikinka kaɗai yake fitowa, ka yi lissafin Shawwal da ma'aunin Ramadan. Ana sauka daga idi duk waɗannan majinginai sai su janye, ka rage kai kaɗai da niyyarka.

Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura da haka. A 2002 wata masaniya a Amurka, Wendy Wood, da abokan aikinta suka sa mutane suna rubuta abin da suke yi da abin da ke ransu a kowace sa'a. Suka gano kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan, mutum yana maimaita su kusan kullum a wuri guda, kuma galibi hankalinsa yana kan wani abin dabam lokacin da yake yin su. Kai ma shaida ne. Ba ka shawara da kanka kafin ka bi hanyar masallacin unguwarku, kuma kana zama a cikin keke hannunka zai tafi aljihu neman waya ba tare da ka aike shi ba. Ɗabi'ar da ta zauna aiki ce da ta ɗauru da wani wuri, ko wani lokaci, ko wani aikin da ke gabanta, har ya zama wannan abin ne ke tayar da ita, ba sai ka tuna ba. Ɗaurin nan kuwa maimaici ne kawai ke yin sa, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya.

Mu kuma tun kafin waɗannan bincike muna da darasin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da su. Yana saurayi ya ɗauki alkawarin azumi kullum da tsayuwar dare duka. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi kwana uku a wata, ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi. Shi kuwa ya yi ta cewa zai iya fiye da haka, har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da ya tsufa abin ya yi masa nauyi, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan, kamar yadda suka kawo hadisin Nana A'isha cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Muna jin hadisin nan a wa'azi muna gyaɗa kai, amma in mun zo tsara wa kanmu sai mu ga kaɗan ɗin ya yi mana kaɗan.

Wataƙila ka taɓa jin cewa kwana 21 ake yi ɗabi'a ta zauna. Asalin maganar daga wani likitan tiyatar gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da maganar ta yi ta yawo sai "aƙalla" ta faɗi a hanya. Wadda ta auna abin da gaske ita ce Phillippa Lally a wata jami'a a Landan, a binciken da ya fito a 2009. Mutum 96 kowa ya zaɓi ƙaramin abu ɗaya, kamar shan ruwa tare da abincin rana ko gudu na minti 15 kafin abincin dare, aka bi su mako 12. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma lissafin ya nuna akwai mai kwana 18, akwai wanda zai buƙaci har 254. Ka duba: abu ɗaya tak, ƙarami, wata biyu da 'yan kwanaki. Kai kuma shida ka ɗauka, ka yanke wa kanka hukunci a mako biyu.

Mu auna shidan ɗaya bayan ɗaya

Kuskuren da aka fi yi wajen zaɓe shi ne a tambayi kai wanne ya fi muhimmanci. Duka suna da muhimmanci, shi ya sa tambayar ba ta raba gardama. Ni abin da nake tambayar matashi shi ne: wannan aikin, za ka iya yin sa a ranar da komai ya dagule maka? Yana hannunka kai kaɗai, ko sai an kawo wuta, sai kana da data, sai wani ya ba ka dama? Akwai wani abu da kake yi kullum ba fashi wanda za ka ɗaura shi a bayansa? Sannan in ya zauna, zai sauƙaƙa sauran ko shi kaɗai zai tsaya?

Koyon kwamfuta ka cire shi daga jerin tun yanzu. Karatu ne mai buƙatar malami da na'ura da wuta da ranakun zuwa. In lokacinsa ya yi, ka yi rajista a wurin koyarwa, kuɗin da ka biya da ranar da aka sa maka su ne za su riƙa kai ka.

Tara kuɗi ma kusan haka yake. Wanda samunsa ke hawa yana sauka, in ya ce kullum zai ajiye naira kaza, ranar da babu ciniki ya karya ke nan ba da laifinsa ba. Iyayenmu mata sun riga mu gano maganin wannan da adashi: kunyar uwar adashi da sauran 'yan zubi tana yin abin da niyya ba ta yi. Ka shiga na 'yan kasuwarku wanda ka amince da mai riƙonsa, da zubin da ba zai shaƙe ka ba. Wannan shawara ce ta rana ɗaya, ba ta buƙatar kokawar kullum.

Motsa jiki yana da kyau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Sai dai a matsayin na farko yana da wuyar kamawa. Akwai sauya kaya, akwai fita, akwai sanyin hunturun Zariya da ƙurarsa da safe, akwai ruwan Agusta. A binciken Lally ma waɗanda suka zaɓi motsa jiki sun fi masu shan ruwa daɗewa kafin su saba. Kuma wanda ya kwanta ƙarfe biyu ba zai fita gudu ƙarfe shida ba, in ma ya fita kwana uku zai yi. Karatun littattafai kuwa lokaci yake nema da natsuwa, kai kuma lokacinka na natsuwa waya ta riga ta cinye shi.

Saura biyu, kuma a nan ne na daɗe ina juya wasiƙarka. Shafi ɗaya na Alƙur'ani bayan salla ya cika kusan duk sharuɗɗan da na ambata. Ba ya buƙatar wuta ko kuɗi, minti uku zuwa biyar ne, mushafi yana nan a masallaci, kuma salla majingina ce da babu irinta, sau biyar a wuni, a lokaci sananne, da ladani mai tunatarwa. Da wani ne ya rubuto mini wanda barcinsa ke daidai, da shi zan ce ya fara ba tare da wani dogon tunani ba, kuma ga duk mai karatu da ke cikin wannan hali amsata ke nan.

Amma kai ka faɗi wata magana a tsakiyar wasiƙarka kamar ba komai ba, alhali ita ce jigon al'amarin: ƙarfe biyu kake barci, asuba tana wuce ka. A garin nan ana kiran asuba wajen ƙarfe biyar ko biyar da 'yan mintuna, gwargwadon lokacin shekara. In ka tashi, sa'a uku ka yi, baligi kuwa yana buƙatar aƙalla bakwai. In ba ka tashi ba, ka fara wuni da nauyin farillar da ta kuɓuce, ka fita shago a gurguje. Ko ta ina aka bi, mutumin da zai yi karatu da motsa jiki da tattalin kuɗi mutum ne da ya gaji tun kafin ya fara, kuma gajiyayye shi ne ya fi kowa saurin cewa "gobe". Mai noman rani a fadamar Galma in ya ga ruwa bai isa kwamin ƙarshe ba, ba ya tsayawa a nan yana tono, sama yake bi ya nemo inda hanyar ta toshe. Taka toshewar a dare take. Don haka da dare za ka fara.

Waya ba ta hawa katifa

Sai dai "rage danna waya" ba abu ne da za a iya sabawa da shi ba a yadda ka rubuta shi. Rage zuwa nawa? Daga yaushe? Bari da ragewa ba su da siffar da hannu zai maimaita, kuma suna sa ka gadi dare duka, alhali wayar tana kusa da kunnenka. Abin da ake yi shi ne a mayar da barin ya zama aiki guda, ƙarami, mai wuri da lokaci. Wani masani ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna a rubutunsa na 1999 da binciken da suka biyo baya cewa wanda ya ƙudurta "in kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a "ina son in yi kaza". Dalili kuwa an riga an yanke shawara tun da rana, lokacin da kai ke sarari, ba a bar ta sai dare ba.

Ga naka: in na kulle ƙofar ɗaki zan kwanta, zan ajiye waya a kan wadrob, ko cikin aljihun rigar da ke rataye, ko duk wani wuri da sai na miƙe tsaye na taka kafin in kai gare shi, sannan in hau katifa. Shi ke nan. Daƙiƙa goma ce.

Ka lura ban sa maka ƙarfe ba. Da na ce ƙarfe goma, daren Talata ko Laraba da za ka je gidan kallon ƙwallo a tashi wajen sha ɗaya, ka karya doka ke nan, kuma ka san abin da ke biyo bayan karyawar farko. Ban kuma hana ka wayar ba. Ka danna a shago, ka danna a teburin mai shayi, ka danna a zaune kan kujera ko kan tabarma a ɗakinka har iya son ranka. Sharaɗi ɗaya ne, ba ta hawa katifa tare da kai. Za ka ce to ai sai in zauna a kujerar har ƙarfe biyun. Daren farko da na biyu mai yiwuwa ne. Amma zama yana gajiyar da baya da wuya, jiki da kansa zai nemi kwanciya, kwanciya kuma sai an rabu da waya. A kwance kuwa babu abin da ke tsayar da kai, domin TikTok da Facebook da ire-irensu an gina su ne ba su da shafin ƙarshe, ana gama bidiyo wani ya hau. Ana yawan maganar hasken allon waya, kuma yana da nasa tasirin wajen jinkirta barci, amma a ganina abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna: gardamar siyasa a guruf, labarin tashin hankali, hirar da ba ta ƙarewa, duk suna tayar da zuciya a lokacin da ya kamata ta kwanta.

Na san uzurorin da za su taso, don kusan kowa su yake kawo mini, kuma ba na raina su. Na farko caji: sau da yawa tsakar dare ake kawo wuta, soket kuma yana gefen katifa. Kai mai shagon kayan waya ne, ka yi caji a shago kafin ka tashi, ko ka ja wayar wuta zuwa ɗaya kusurwar ɗakin, ko ka juya katifar. Na biyu ƙararrawar tashi. Wannan ma riba ce, domin ƙararrawar da sai ka miƙe kafin ka kashe ta ita ce mai tayar da mutum, kuma wanda ya riga ya miƙe ya yi rabin hanyar buta. Na uku, kada Mama ko wani na gida ya kira da dare. Ka bar ƙarar kira a buɗe, ka kashe data kawai. Kiran gaggawa zai same ka daga kan wadrob. In da hali ma ka ajiye ƙaramar waya mai tocila kusa da kai saboda kira da haske, babbar ta kwana a nesa.

Akwai kuma bazara. A Maris da Afrilu, in zafi ya kore ka daga ɗaki ka fitar da shimfiɗa tsakar gida ko ƙofar gida, ƙofar da kake kullewa ta sauya, kuma a irin wannan sauyin wuri ne ɗabi'a kan suɓuce. Ka yanke tun yanzu: in zan fitar da shimfiɗa, waya tana ciki. Haka in ka yi tafiya Kano ko Kaduna sarin kaya ka kwana, tana cikin jaka, jaka tana nesa da kai.

Darare na farko za su yi maka tsawo, gara in faɗa maka tun yanzu. Jikin da ya saba da ƙarfe biyu ba zai yi barci sha ɗaya don an ajiye waya ba. Za ka yi ta juyi, tunani iri-iri zai zo, hannu zai yi ta lalube. Agogon jiki a hankali yake matsowa, kuma abin da ya fi jawo shi baya shi ne tashi a lokaci ɗaya kullum da fita cikin hasken safiya. Wannan gurbin da waya ta bari kada ka bar shi fanko. Azkar ɗin kwanciya suna nan: Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da tasbihin da Annabi ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali lokacin da ta nemi mai taya ta aiki, Subhanallahi 33, Alhamdu lillahi 33, Allahu akbar 34. Ban sa maka su a matsayin aiki na biyu da za ka riƙa lissafawa ba, abin riƙewa ne ga zuciya lokacin da take neman abin yi. Sannan ka duba shayin dare. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi mai hana barci yakan yi kamar sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kakkauran shayi ko Nescafe na ƙarfe tara yana nan tare da kai ƙarfe biyu. In zaman majalisar ne ba ka son rasawa, ka zauna, a haɗa maka mai madara ba ganye.

Wata ɗaliba da na taɓa zama da ita a Samaru ta zo da kukan cewa ba ta iya karatu, ta tsara sa'a huɗu kowane dare amma ko ɗaya ba ta cikawa. Da muka bi wuninta daki-daki sai ga shi ba ta barci sai an kusa kiran assalatu, lacca kuma tana gyangyaɗi. Ba mu taɓa jadawalin karatun ba sam. Yarjejeniya suka yi da abokiyar ɗakinta, duk wadda za ta kwanta ta sa wayarta a cikin akwatin ɗayar. Karatun da kansa ya dawo daga baya, da rana, a laburare. Na kawo wannan ne saboda abokiyar ɗakin. In kana kwana da ƙane ko aboki, ka gaya masa dokarka, ka ba shi izinin yi maka magana. Mutum ɗaya ya isa. Shelantawa a status ba ta ƙara komai, sau da yawa ma yabon da za a yi maka a kan niyya sai ya sa ka ji kamar ka riga ka yi aikin.

Ka samu kalanda ta bango, kowace safiya ka sa alama a daren da waya ta kwana a nesa. Abin da kake lissafawa ke nan kawai, ba ƙarfe nawa ka yi barci ba, ba ko ka samu jam'i ba, don waɗannan sakamako ne, za su biyo baya da saurinsu. Ranar da ka fāɗi, kuma za a yi ranar, ka bar gurbin fanko ka ci gaba. A binciken Lally tsallake rana ɗaya bai rushe abin da aka tara ba. Abin da na ga yana rushewa shi ne mutum ya ce tunda na ɓata jiya bari in bari sai Litinin, ko sai sabon wata, ko sai bayan azumi mai zuwa. Daren da ke bin daren faɗuwa shi ne wanda za ka fi tsarewa.

Inda shawarata ta tsaya

Ban gan ka ba, wasiƙa kawai na karanta, kuma binciken da na ambata an yi su ne a kan mutane kaɗan, galibi ɗalibai a Turai da Amurka, waɗanda ba su san ɗaukewar wuta ko ɗaki ɗaya mutum huɗu ba. Ka ɗauki kwana 66 a matsayin abin da zai hana ka gaggawa, kada ka ɗauke shi wa'adi.

Akwai kuma halin da dabarar ajiye waya ba ta isa ba. In abin da ke riƙe ka a waya cacar ƙwallo ce, ko kallon abin da kake jin kunyar faɗa, ko kana shan wani abu don ka yi barci ko don ka wartsake, wannan magana ce dabam, tana buƙatar zama da wanda ya san aikin. In kuma ka ajiye wayar amma barci ya ƙi zuwa dare uku ko fiye a mako har wata uku, ko ka yi mako biyu zuciyarka a ƙuntace, abin da ke faranta maka rai ya daina, abinci ya fita ranka, kana jin ba ka da amfani, to wayar tana iya zama mafaka ce kawai daga wani ciwo da ke ƙasa. Ka je asibiti. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne, kamar zuwa wurin likitan ido ne. Na faɗi haka ne saboda kalmarka ta "ba ni da zuciya". Yawanci gajiya ce ke sa matashi faɗin haka, amma wani lokaci ta fi gajiya. Masu aikin dare da mata masu shayarwa su ma wannan tsari ba zai zauna musu yadda na faɗe shi ba, nasu sai an duba yadda darensu yake.

Sauran biyar ɗin kuwa ba a jefar da su ba. Za ka san lokacin ƙari ya yi in ka wayi gari ka ga wayar a kan wadrob ba ka ma tuna sa'ad da ka ajiye ta ba, ko ka hau katifa da ita bisa mantuwa ka ji wani iri har sai ka tashi ka mayar. Kada ka ƙara komai kafin nan, ko da kana jin ƙarfi, musamman ma in kana jin ƙarfi. In ya yi, na biyu shi ne shafi ɗaya bayan sallar asuba, kafin ka tashi daga inda ka yi sallama. Mushafi bugun Madina shafi 604 ne, shafi ɗaya a rana zai kai ka sauka a shekara ɗaya da wata takwas. In daga baya ya zama shafi biyu bayan kowace salla, izu guda ke nan a wuni, sauka a wata biyu. Motsa jiki kuma ya shigo ta hanyar da kake bi dama: ka sauka daga keke tun kafin ka iso PZ ka ƙarasa da ƙafa, minti goma sha biyar da safe, goma sha biyar da yamma. Adashin kam ko gobe kana iya shiga, ba ya cikin masu jiran layi.